Ranar 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris: yaushe Auta za ta cika shekara 18?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Kawu da Gwaggo, ina roƙon ku raba mana wata gardama. An haifi Auta ranar Juma'a, 29 ga Fabrairun 2008, ga shi Fabrairun 2026 kwana 28 ne kacal. Ni na tsaya a kan cewa ranar Asabar, 28 ga wata, za ta cika shekara 18, domin a Fabrairu aka haife ta, kuma babu dalilin tura ta wani watan.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ban yarda ba, ɗana. Ranar 29 ga Fabrairu ita ce rana ta 60 a shekara, kuma idan ka haɗa kwana 31 na Janairu da 28 na Fabrairu, za ka ga rana ta 60 a bana ta faɗa 1 ga Maris. Ban da haka, jaririn da aka haifa ranar 28 ga Fabrairun 2008 ya girme ta da kwana guda, to da wace hujja za su cika shekara rana ɗaya?

Yaya Babba: Allah ya ƙara girma, Kawu, amma idan aka ƙirga kwana 365 daga ranar da aka haife ta, a kan 28 ga Fabrairun 2009 lissafin yake tsayawa.

Kawu: Lissafinka daidai ne, sai dai kwana 365 ba su cika shekara ba. Duniya tana kammala zagayen rana ne cikin kwana 365 da kusan awa shida, kuma waɗannan awoyin ake tarawa shekara huɗu su zama kwanan da aka haifi ƙanwarka a cikinsa. Julius Kaisar ne ya shigo da tsarin a Rum, sannan Paparoma Gregory na 13 ya gyara shi a 1582, saboda rarar ba ta kai awa shida cif ba. Shi ya sa 1900 ba ta sami ƙarin kwana ba, 2000 ta samu, 2100 kuma ba za ta samu ba. Morarji Desai, tsohon firaministan Indiya, an haife shi ranar 29 ga Fabrairun 1896, bai sake ganin wannan rana ba sai 1904. Saboda haka a ranar 28 shekarar Auta ba ta gama cika ba, da saura.

Yaya Babba: Ai ko dokokin ƙasashe ba su zama ɗaya ba. A Hong Kong 1 ga Maris doka ta ɗauka, amma a New Zealand ƙa'idar lasin tuƙi 28 ga Fabrairu ta ɗauka.

Gwaggo: Ni ranar 30 ga Ramadan aka haife ni, ana shirin tuwon Sallah, kuma kun san sau da yawa azumi 29 ake yi a ga wata. A irin wannan shekarar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ranar Sallah take cewa na ƙara shekara, domin ita ce ranar da ta biyo bayan 29. Ina bayan yayana a wannan magana. Abin da ba na so shi ne masu ce wa yarinyar nan wai shekararta huɗu, tun tana firamare wannan maganar take sa ta kuka.

Auta: Na gode, Gwaggo. Yaya, ka yi haƙuri, 1 ga Maris na zaɓa, domin ina son yin rajistar katin zaɓe, kuma ba na son wani jami'i ya duba takardar haihuwata ya ce saura kwana guda. Tunda azumi ake yi, a haɗu a gida ranar Lahadi bayan shan ruwa a yi mini addu'a, babban taron kuma a bar shi sai 29 ga Fabrairun 2028.

Yaya Babba: Har yanzu ina ganin hujjar kwana 365 tana da ƙarfi, amma zan zo ranar Lahadi in Allah ya yarda.