Abin da masu kallo suke so a fim ɗin jirgin sama mai ƙaramin jari

An tafka muhawara kan wani fim na tashin hankali a cikin jirgin sama, wanda aka shirya da kuɗi kaɗan. Yawancin masu kallo sun yi wa ƙarancin kuɗin uzuri, amma sun ƙi yarda a raina musu hankali.

Shawarar da ta fi yawa ga masu shirya irin wannan fim ita ce a bar kyamara a cikin jirgi. Da zarar an nuna shi daga waje da zanen kwamfuta mai araha, asiri ya tonu. Matsatsin kujeru, fitilar ɗaura bel da ta kunnu ba zato, hannun ma'aikaciya yana rawa tana zuba shayi, waɗannan sun isa su sa gaban mutum ya faɗi. Ni ma ra'ayina ke nan.

Sai batun binciken yadda jirgi yake aiki kafin a shirya fim. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka kai Amurka da jiragen sama aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa, don haka babu mai ɓalle ta da kafaɗa. Ƙofar fita kuma ba ta buɗuwa idan jirgi ya yi nisa a sama, saboda matsin iskar ciki ya danne ta. Wasu sun ce da an nuna matuƙi yana sanya lambar 7500 a na'urar da ke aika sigina ga masu kula da zirga-zirgar jirage, alamar an yi fashin jirgi, da ta fi ihun fasinjoji ratsa zuciya.

An kuma nemi a rage kiɗa a bar rurin inji, sannan kada irin wannan fim ya wuce minti 90.