Me ya sa rubutu yake sauya kama tsakanin fuskar kwamfuta da takarda?

Ɗalibar Hausa:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin kammala digiri da Hausa, kuma komai yana zaune daidai a kwamfutata, amma da aka buga shi a shago sai shafukan suka ƙaru, kanun wasu babuka suka gangara ƙasan shafi, ɓ da ɗ da ƙ kuma wasu suka fito da siffa dabam, wasu suka koma 'yan akwatuna. Shin daga firinta matsalar take, ko daga manhajar rubutu?

Mai Ɗab'i:
Wa alaikumus salam, Malama. Galibi firinta ba ta da laifi. Fayil ɗin rubutu, in ba an umarce shi ba, sunan samfurin haruffa kawai yake ɗauka, ba samfurin kansa ba, don haka idan kwamfutar shagon ba ta da wanda kika zaɓa sai ta ɗauko wani a madadinsa, kuma da yake faɗin haruffan ba ɗaya ba ne, layuka su karye a wani wurin, shafi ya ture shafi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa ba kowane samfuri ne ya ƙunshe su ba; wanda babu sai a aro shi daga wani samfurin, in ba a samu ba a sa akwati. Samfuran haruffa na Charis SIL da Doulos SIL suna da su duka, kuma kyauta ne. Ki zaɓi ɗaya, ki mayar da kundin PDF a kwamfutarki kafin ki kai shago, domin PDF da haruffansa yake tafiya.

Tsohon Akawu:
Malam ya yi bayani, sai dai ban yarda a wanke firinta gaba ɗaya ba. A da, haruffan fuskar kwamfuta dabam ne, waɗanda ke cikin firinta dabam, har sai da Apple ya fito da tsarin haruffa na TrueType a 1991, Windows 3.1 ta ɗauke shi a 1992, sannan amfani da zane ɗaya a ɓangarorin biyu ya yaɗu. Burbushin tsohon tsarin yana nan, domin direban wasu firintocin, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, yana da zaɓin musanya haruffan kwamfuta da na cikin na'urar don sauri, kuma na cikin na'urar da wuya su san ƙ. A ce wa mai shagon ya sauya zaɓin zuwa aika haruffan daga kwamfuta.

Mai Ɗab'i:
Gaskiya ne, Alhaji. Malama, ki kuma duba girman takarda, domin A4 tsawonta milimita 297 ne, Letter ta Amurka kuwa 279, kuma wannan gibin kaɗai ya isa ya ƙara shafuka. Idan za a buga PDF ɗin, a bar shi a ainihin girmansa, kada a matse shi.