Yayata na fama da ciwon Huntington, 'yarta mai shekara 14 ce ke riƙe da gidan: in ɗauke yaran ko in bar su?

Saƙon wata 'yar'uwa, ta nemi a sakaya sunanta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga likitoci, malamai, da duk wanda irin wannan ta taɓa samun gidansu.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 39, tana aure a nan Kano. Abin ya fara mata da mantuwa da saurin fushi, daga baya jiki ya fara motsi da kansa: kafaɗa ta zabura, yatsu su yi ta wasa, tafiya ta koma tangaɗi. Haka Babanmu ya yi kafin Allah Ya karɓi abinsa, haka ma gwaggonmu. A lokacin cewa aka yi sammu ne. Da muka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya bi tarihin gidanmu, aka aika jininta waje, sakamako ya dawo cewa ciwon Huntington ne, na gado, kuma ba a warkewa.

Mun karɓi ƙaddara. Yaran ne suka hana ni barci. Su uku ne: babbar mace mai shekara 14, namiji mai 10, sai auta mai 3. Mijin direban tirela ne, ya fi kwana a hanya. Babbar ce ke girki da wanki, ita ke yi wa uwar wanka, ita ke goyon auta. Wannan zangon karatu rabinsa a gida ta yi shi. Kwanan baya Yaya ta dage sai ta dama kunu da kanta, hannu ya fizge, ruwan zafi ya zuba wa auta a cinya. Na tsakiyan kuma idan fushin ya taso shi take duka da duk abin da hannunta ya kai, can an jima ta zauna tana kuka tana roƙon ya yafe mata. Wallahi da ko tsawa ba ta iya yi wa yaro.

Surukarta ta kawo nata tsarin: auta ya koma wurinta, na tsakiya a kai shi makarantar allo a ƙauye, babbar ta ci gaba da jinya har miji ya fito. Ni ciki da falo nake da yarana biyu, maigidana ya ce zai iya riƙe ɗaya.

In raba su da ita, ko hakan zai ƙarasa ta? Mu yi wa yaran gwaji mu san matsayinsu? Sannan babbar ta tambaye ni, "Anti, ni ma haka zan koma?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Hajiya Babba:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, ki ɗauke ƙaramin nan yau, kada ki jira taron dangi. Yau cinya ce, gobe ba mu san ina ba. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ku ladan jinya.

Anti Likita:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Zan fara da maganar gwaji, domin shi ne abin da in an yi ba a iya janyewa.

Kada a gwada yaran. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni ke bi a duniya tun 1994 ita ce ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba gwajin hasashe matuƙar ba shi da alamar ciwon. Babu maganin da za a ba yaro yau ya hana ciwon zuwa ko ya jinkirta shi, saboda haka sakamakon ba zai amfane shi da komai ba. Illa dai a gida a fara cewa wancan ba sai an kashe kuɗin makaranta a kansa ba. Ko a ƙasashen da gwajin yake a sauƙaƙe, mafi yawan manyan da abin ya shafa sun zaɓi kada su sani. Ku bar wa yaran wannan zaɓin har su girma.

Gadonsa ba irin na sikila ba ne. A sikila sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. A nan mutum ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa rabi da rabi ne, kowane ciki da nasa rabon: yana yiwuwa duk ukun su tsira, yana yiwuwa a samu a ciki. Gwajin AA da AS da ake yi kafin aure ba ya nuna shi. Yawanci yakan bayyana tsakanin shekara 30 da 50. Akwai mai kama yara, amma bai da yawa, kuma galibi ta wurin uba yake zuwa. Alamunsa sandarewar jiki, ja da baya a karatu, wani lokaci farfaɗiya. Idan kun ga haka, to wannan duba mara lafiya ne, ku kai shi.

Sai dukan. Wannan daga cikin ciwon yake, yana taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum burki. Kuma yana cikin abin da magani ke ragewa sosai. Magunguna irin su olanzafin, risferidon da haloferidol suna sassauta fizgar jiki da zafin rai, akwai kuma na baƙin ciki. Kada ku saya a kemis da kanku. Ku koma wurin likitanta ku faɗa masa ƙarara cewa tana dukan yaro, ta ƙona wani. Iyalai da yawa fizgar kawai suke faɗa, su ɓoye sauran don kunya, sai likita ya yi maganin abin da ya ji kawai.

Ki sani kuma da yawansu ba sa lura da girman motsin jikinsu. Da ta ce za ta iya dama kunu, har zuciyarta ta yarda za ta iya. Gardama da ita ba za ta yi amfani ba, a dai riga ta gama girkin.

Abu mai nauyi amma dole in faɗa: masu wannan ciwo sun fi sauran mutane shiga tunanin kashe kai, musamman lokacin da suka fara ganin ana karɓe musu abin da suka saba yi. A kulle fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyinta, a rufe rijiya. Shi ya sa ba na goyon bayan a wayi gari a kwashe mata yara uku lokaci guda.

Baban Yara:

Likita, da girmamawa, anya wannan ba ciwon Turawa ba ne? Ni ban taɓa jin sa a Arewa ba. Kuma in dai gaskiya ne, ni ina ganin gara a gwada. Yarinyar nan nan da 'yan shekaru manema za su zo. A ɓoye musu?

Anti Likita:

Malam, ya fi yawa a cikin Turawa, gaskiya ne, kuma wani likitan Amurka, George Huntington, shi ya bayyana shi a 1872. Amma wurin da aka fi sanin yawan masu shi ƙauyukan masunta ne a bakin tafkin Marakaibo a Benezuwela, kuma jinin waɗannan iyalai ya taimaka har aka gano ƙwayar gadon a 1993. A Afirka ta Kudu ana samun sa, har da wani mai kama da shi da ake gani a masu asalin Afirka. A wurinmu sau da yawa ba ya kai wa asibiti ne, ana ce masa iska ko sammu. Batun aure kuwa, ban ce a ɓoye tarihin gida ba. Idan ta kai 18 ta nemi gwajin da bakinta bayan an zaunar da ita an yi mata bayani, hakkinta ne.

Maman Biyu:

'Yar'uwa, ni ba likita ba ce. Ni ce irin yarinyar nan taki. Mahaifinmu ya yi wannan ciwon, Ummanmu na fita neman abin da za mu ci, ni ce babba.

Ba aikin ne ya fi cin raina ba. Abin da ya fi ciwo shi ne babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ke damun Baba. Idan ya jefe ni da kwano, ɗauka nake ni ce na yi laifi. Na daina kawo ƙawaye gida. A unguwa ana nuna mu ana cewa 'ya'yan mai iska. Manya kuwa in sun zo dubiya sai su dafa kaina su ce "Allah Ya yi miki albarka, kin zama uwa", su sa takalmi su tafi. Ni a lokacin so nake wani ya ce, tafi makaranta, yau ni zan zauna.

Tun da ta tambaye ki, to ta daɗe tana ɗauke da tambayar, kuma wataƙila da waya a hannunta ta riga ta karanta abin da ya fi gaskiyar muni. Ki amsa mata. Ki ce ciwo ne, ga sunansa, ba laifin kowa ba ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Ki ce yana yiwuwa ta gada, yana yiwuwa ba ta gada ba, kuma ko ta gada ba yanzu yake zuwa ba. Kada ki rantse mata cewa ba za ta samu ba, ranar da ta gano ba za ta sake yarda da ke ba. Na goman ma a gaya masa daidai hankalinsa: Umma ba ta tsane ka ba, in ta fara faɗa ka fita ka tafi gidan wance. A nuna masa gidan, a kuma gaya wa matar gidan.

Kuma don Allah kada yarinya ta riƙa yi wa uwarta wanka da tsarki ita kaɗai. Uwar ma ba ta so, ko ba ta faɗa ba.

Malam na Unguwa:

Allah Ya yaye. A mazhabarmu ta Malikiyya riƙon yara hakkin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Bayan uwa, Risala ta ambaci kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ke nan, baiwar Allah, kina da bakin magana, ba shisshigi kike ba. Malamai sun sharɗanta wa mai riƙo hankali da iya kula da yaro, amma sun ce wadda ta gaza da jikinta in tana da mai taimaka mata a gida riƙonta bai faɗi ba.

Ciyarwa, tufatarwa da karatun yara suna wuyan uba. A zaunar da shi, shi ne mai gidan, ba 'yar shekara 14 ba. Kai yaro mai shekara 10 ƙauye a wannan hali ba neman ilimi ba ne, rage baki ne, ga Islamiyya a unguwa. Aurar da yarinya don a huta kuma ba mafita ba ce. A yi addu'a da ruƙiyya, a sha magani, kada wani ya ɗaure ta ko ya dake ta da sunan cire aljani.

Jami'ar Walwala:

Aikina ke nan, bari in ƙara. Tambayar da muke fara yi a irin wannan gida ita ce: wane babba ne ke nan da rana, wane ne da dare? In an samu amsa, yawanci ba sai an raba yara da uwa ba. Ku nemi dattijuwa a dangi, ko bazawara mai hankali da uban zai riƙa biya, ta zauna a gidan. Kuɗin da za a kashe a kan mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan watsa yara gida uku, kuma 'yan'uwa in an raba su a irin wannan lokaci sun yi rashi biyu.

Hajiya Babba ta yi gaskiya a kan auta. Kafin a samu mai zama, kada a bar shi da uwar su kaɗai. Ki riƙe shi da rana, ko ya kwana wurinki ki riƙa kawo shi kullum ta gan shi, ta ba shi abinci tana zaune. Ki ce mata taimako ne, kada ta ji kalmar ƙwace.

Karatun babbar ba alfarma ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shi har aji uku na ƙaramar sakandare, ga dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023. Ki je ki ga shugabar makarantar ki yi mata bayani a sirrance. In uban ya ƙi ba da haɗin kai, ko duka ya kai ga rauni, akwai ofishin walwalar jama'a a ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Harkokin Mata, sannan asibitocin koyarwa suna da sashen walwala.

Ƙuna kuma, in ta sake faruwa, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin na minti 20. Ban da man goge baki, ƙwai ko gishiri.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na kira mijin, ya ce in ya dawo za mu zauna da kawunmu. Akwai wata innarmu da mijinta ya rasu, ina ganin za ta yarda ta zauna in an yi mata ɗaki. Auta yana wurina tun jiya, da yamma na kai shi ta gan shi. Maman Biyu, na karanta naki ina hawaye, gobe in sha Allahu zan zauna da yarinyar. Anti Likita, wata tambaya: Yaya na ramewa ko da tana cin abinci, kuma ruwa na yawan sarƙe ta.

Anti Likita:

Duk cikin ciwon ne. Motsin nan yana cinye ƙarfin jiki, tana buƙatar abinci fiye da na da. A ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai laushi da maiƙo: faten dankali, alala, kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono. Abu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. Ta zauna a miƙe, a kashe talabijin, kada a sa ta magana tana ci, ta ɗan jima a zaune bayan ta gama. Yunwa ma na tayar da fushin, kada a bari lokacin abinci ya wuce. In tari da zazzaɓi suka biyo bayan sarƙewa, a kai ta asibiti ranar, abinci na iya shiga huhu. Innar ce za ta riƙa ba ta, ba yarinyar ba.

Sannan ke, 'yar'uwa. Uba ɗaya kuke, na san kin san abin da hakan ke nufi ko ba ki rubuta ba. Ba dole ki yi gwaji ba, kuma kada kowa ya matsa miki. Ranar da za ku koma asibiti, ki nemi likitan ya ba ki lokaci ke kaɗai, in kina so ki tafi da maigidanki.