Rogon da aka tona mota ba ta zo ba: yaya kuka yi da naku?

Manomi daga yankin Lafiya, Jihar Nasarawa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma. A daminar bara na tona rogona, irin TME 419, saboda wani direba ya yi mini alkawarin zai zo washegari da sassafe, sai ruwan sama ya yanke hanyar ƙauyenmu, motar ba ta iso ba sai a rana ta huɗu. Da muka fasa saiwa guda, muka tarar cikinta ya yi jirwaye baƙi-baƙi, masu sana'ar gari kuma suka ƙi saye har sai da na karya farashi ƙwarai. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mana abin da ya yi.

Wani dattijo daga wajen Kumasi, Gana:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar maka da alheri. Rogo ba doya ba ne. Daga ranar da ya rabu da ƙasa, kwana biyu zuwa uku yake da su, musamman idan fartanya ta ji masa rauni. Ni tun da na yi irin asararka ban ƙara tona ko kunya ɗaya ba sai na ga mota da idona, domin rogon da ke cikin ƙasa yana iya jiran watanni. Sai dai idan ya wuce shekara ɗaya da rabi yakan fara yin zare, a gonar da ruwa ke kwanciya kuwa ruɓewa yake yi, ga kuma gyazbi da ke ɓarna. Wata dabarar da na jarraba ita ce sare karan mako biyu ko uku kafin tono. Yana ƙara kwana, amma garinsa yakan ragu.

Wata mai sana'ar gari daga Jihar Kogi:
Malam, da ka kira mata masu yin gari a ranar farko, da ba ka yi asarar nan ba. Mu muna ferewa mu gurza a ranar, mu ɗura a buhu mu danne da duwatsu kwana biyu ko uku ruwan ɗacin ya tsiyaye, sannan mu soya. Alabo ma mafita ne, amma da damina shanya tana da wuya, na taɓa rasa buhu biyu saboda fumfuna. Idan rogon mai ɗaci ne, kada a gajarta jiƙo don sauri, domin gubarsa tana iya kisa.

Wani ɗan kasuwa daga Yawunde, Kamaru:
Yaya, mu a nan abin da ya rage mukan ba masu yin bobolo, su jiƙa shi, su daka, su naɗe a ganye su dafa, ya kwana da yawa bai lalace ba.