Yadda zan nuna wa ɗalibai filin maganaɗisu da na lantarki a kewayen wayar wuta

Malamin fiziks, Tawa: Assalamu alaikum malamai. Ina koyarwa a wata lise a nan Tawa, kuma ɗalibaina sun haddace B = μ₀I/2πr, wato lissafin ƙarfin filin maganaɗisu a kewayen wayar da wuta ke bi, sarai, amma da na ce su zana siffar filin a allo sai kowa ya yi tsit. Wace manhaja ce za ta nuna musu shi ba tare da intanet ba? Sannan shin wayar da wuta ke bi ta cikinta tana da filin lantarki a wajenta?

Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai: Wa alaikumus salam, Malam. Ku gwada harshen kwamfuta na Python da matplotlib, kayan zanensa, domin layuka kaɗan sun isa a fitar da da'irorin da ke kewaye wayar, a kuma ga yadda ƙarfin ke raguwa da rabi duk lokacin da nisa ya ninka. FEMM, manhajar lissafin filayen maganaɗisu, ita ma kyauta ce, sai dai ta fi dacewa da ɗaliban injiniya.

Tsohon malami, Yamai: Ɗana, shawarata ita ce kwamfuta ta zo daga baya. Da allurar kamfas masanin kimiyya Oersted ya gano a 1820 cewa wutar da ke bin waya tana haifar da filin maganaɗisu. Ka huda kwali, ka soka wayar a tsaye, ka haɗa ta da batirin mota ta hanyar ƙwan fitila mai watt 55, wanda zai ja kusan ampere 4,5. Ka ɗora kamfas a kan kwalin: a nisan santimita 1 daga wayar za ka samu filin maganaɗisu mai ƙarfin kusan microtesla 90, alhali na duniya bai wuce 25 zuwa 65 ba, saboda haka allurar za ta karkata a bayyane, ta kuma koma ɗaya ɓangaren idan ka sauya kawunan batirin. Kada ka kusanci wutar gida: tana kashewa, kuma da yake tana kai da komo a hertz 50, wato sau 50 a kowace daƙiƙa, allurar ba za ta iya bin ta ba.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Akwai filin lantarki. A cikin wayar yana bin tsawonta, kuma rauni gare shi: wayar tagulla mai 2,5 mm² ɗauke da ampere 10 tana da kusan volt 0,07 a kowace mita. Na waje kuwa daga cajin da ke taruwa a fatar wayar yake fitowa, kuma siffarsa ta dogara da yadda aka shimfiɗa dukan hanyar da wutar ke zagayawa, shi ya sa zanen waya guda ita kaɗai ba zai ba ka shi daidai ba.

Malamin fiziks, Tawa: Na gode ƙwarai, Baba. Wane kauri na waya ya kamata in nema don kada ta yi zafi?