Fitilar inji ta kama, mota na zuƙar isansi: in canza sondi ko a cire shi kawai?

Mushen Mirya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Ina da Corolla ƙirar 2003 mai inji 1.6. Shekara shida ke nan da na saye ta hannun wani ɗan'uwa, shi kuma daga Kwatano aka kawo masa ita. Gidana na Garin Malam, ina koyarwa a Mirya, kullum sai na je na dawo, wajen kilomita 40 ke nan a rana. A da in na sha lita 20 ran Litinin, tana kai ni ƙarshen mako har in yi cefanen Asabar a kasuwar Dole da sauran. Tun shigowar hunturu abin ya canza, ran Alhamis da yamma allura ta kwanta. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai zanen inji ta kama a tablo, ba ta mutuwa. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, in na sa yatsa sai ya fito kamar na taɓa gindin tukunya.

Na kai garaji aka canza buji huɗu, ba abin da ya sauya. Yanzu mai gyaran ya ce sondi ne, wannan abin da ke ɗaure a bututun hayaƙi da waya a jikinsa. Ya ce ko a zare wayarsa a bar shi haka, ko a cire ƙwan fitilar in huta da ganinta, ko a samo mini na okaziyo. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Motar nan ita ce ƙafata, da ita nake kai mahaifiyata asibiti, kuma albashi ba ya ɗaukar wannan shan mai. Me sondin ke yi ne? Zan iya canza shi da kaina? Sabo ko na okaziyo?

Mai lantarkin mota, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Mushe. Kada ka yarda a taɓa ƙwan fitilar nan. Ita ce bakin motar, in aka toshe shi, ranar da babbar matsala ta zo ba mai gaya maka.

Aikin sondi shi ne shinshinar hayaƙi. Yana auna iskar oksijin da ta rage bayan mai ya ƙone, ya aika wa kwamfutar mota da ƴar wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ƙasa na nufin iska ta yi yawa, sama na nufin mai ya yi yawa. Da wannan labarin kwamfuta ke ƙara mai ko ta rage, tana neman awon da isansi ke ƙonewa tas, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a nauyi. Lafiyayyen sondi ba ya tsayawa wuri ɗaya, hawa da sauka yake yi da sauri. In ka zare wayarsa, kwamfuta ta makance, sai ta koma lissafin da aka rubuta mata tun daga masana'anta, kuma wannan lissafin ya fi karkata ga yawan mai. Shawarar zarewa ƙara maka asara za ta yi.

Amma kada ka sayi komai tukuna. Motarka ta Turai ce, kuma tun 2001 motocin isansi na can ke zuwa da wurin jona na'urar bincike, soket mai ƙafa 16 a ƙasan sitiyari. Ka je wurin mai baliz, wato wannan na'urar binciken, ya karanta maka lambar matsalar, ka rubuta ta da hannunka. Sondi biyu gare ka, ɗaya kafin katalizo, wato abin tace hayaƙi da ke cikin bututun salansa, ɗaya bayansa. Na gaban ne ke da ruwa da shan mai, na bayan gadin katalizo yake yi. P0135 na nuna hitar na gaba, wato abin da ke ɗumama shi, P0141 hitar na baya, P0133 na gaba ya tsufa ya yi nawa. In kuwa P0171 ta fito, kada ka yi saurin ɗora wa sondi laifi: sau da yawa iska ce ke sata ta wani tiyo da ya tsage, ko ƙura ta rufe ma'aunin iska da ke bayan filta. A garin nan da hunturu, rabin abin da ake kawo mini da sunan sondi ƙura ce.

Maganar hita: sondi ba ya magana sai ya yi zafi sama da digiri 300, shi ya sa aka sa masa abin ɗumama kansa a ciki. Wayoyi huɗu ne, biyu masu launi iri ɗaya su ne na hitar, a na kamfanin Denso baƙaƙe ne. A zare soket, a ɗora mita a kansu. Na irin waɗannan Toyota kan ba da om 11 zuwa 16 in yana sanyi. In mita ta yi shiru, hitar ta tsinke a ciki, ba ta gyaruwa. A duba fis kuma, a bi wayar da ido, ko ta kwanta jikin salansa ta narke.

Baba na Birni:

Yaro ya gaya maka gaskiya, Mushe. Ni a kan Peugeot 504 na koyi aiki, lokacin da kunne da sukundireba muke daidaita kalbireta. Da motoci masu kwamfuta suka zo, mu ma cire abubuwa muka riƙa yi don ba mu gane su ba, kuma mun cuci mutane ba da sani ba. Sondin ma ba sabon abu ba ne, tun 1976 kamfanin Bosch ya yi shi aka sa a motar Volvo.

Zancen kwancewa zan yi maka, don nan ake ɓarna. Ƙarfen da ya shekara ashirin cikin wuta ba ya sakin jiki da gardama. Ka fesa masa man kwance tsatsa tun dare. Da safe ka tada mota minti biyu ko uku, bututu ya yi ɗumi, ba zafin ƙona hannu ba, ka kashe. Ka fara zare soket don kada waya ta murɗe. Kile 22 ne. Akwai na musamman mai tsaga a gefe don waya ta wuce. In babu, tunda tsohon ya mutu, yanke wayarsa ka zura kile mai zobe. Mai buɗaɗɗen baki cinye kan zai yi. In ya motsa kaɗan ya cije, ka mayar baya, ka ƙara mai, ka sake. Haka, gaba da baya, har ya fito. Wanda ya sa dogon bututu ya danna da ƙarfi, da haƙoran ramin zai fito, daga nan sai neman mai sake yanka haƙora ko mai walda.

Sabon kuma da yatsu za ka fara ɗaura shi har ya zauna, sannan kile, ɗauri madaidaici. Yawanci yana zuwa da maiƙo a haƙoransa, kada ya taɓa kan. Ka mayar da waya cikin maƙalanta.

Sai abu ɗaya da ba a tambaya: me ya kashe na farkon? In tsufa ne, to. Amma in injinka na cin baƙin mai, ko ruwan lagireto na shiga ciki, ko an taɓa shafe gasket da gam ɗin silikon ba na inji ba, sabon ma ba zai yi ƙarko ba.

Direban Matamai:

Ni ban ga abin kashe kuɗi ba. Nawa na kwance na jiƙa shi a isansi kwana ɗaya, na goge, fitila ta mutu.

Mai lantarkin mota, Sabon Gari:

Ɗan'uwa, wataƙila naka soket ne ya saki, da ka zare ka mayar ya kama. Wanki na iya ɗauke baƙin waje, amma ba ya haɗa hitar da ta tsinke, ba ya mayar da tsoho yaro.

Mushe, game da saye: na okaziyo shekarunsa ɗaya da naka, ba ka san saura kwana nawa gare shi ba. Ka nemi Denso, shi ke zuwa da Toyota, ko NTK ko Bosch. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon da bakin soket ɗinsa. In babu a gari, ka ba direban Kano ya duba maka a Ƙofar Ruwa, amma a kula, jabu sun yi yawa, arha fiye da kima alama ce. Wanda ake yanka waya a haɗa ba na son sa, launin wayoyin Bosch da na Denso ba ɗaya ba ne, nan ake rikicewa. Kuma ka shirya: motocin da ke zuwa mana da yawa an fafe katalizonsu saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su filatinum. In naka fanko ne, bayan gyara wata lamba za ta iya fitowa.

Mushen Mirya:

Allah ya saka muku da alheri, na dawo da labari. Baliz ta nuna P0135, mita kuma ta yi shiru a kan baƙaƙen wayoyin. Filtar iska da muka buɗe, rairayi ne ya zubo, ita ma na canza. Sondin daga Kano aka kawo mini. Baba, na bi maganarka daki-daki, sai a juyi na huɗu ya saki, ɗana na riƙe mini da tocila. Mako biyu ke nan, lita 20 ta kai ni Asabar, warin hayaƙin ma ya ragu sosai.

Sai dai ran Talata a hanyar dawowa fitilar ta sake kamawa. Na koma aka karanta, P0420 ce, lambar da ke nuna katalizo. Muka kwance bututun muka haska, katalizon wayam, ana hango haske ta ɗaya bakin. Ƙwan fitilar na nan, ban bari an taɓa shi ba. Maigida na Sabon Gari, in na ci gaba da hawa haka zuwa ƙarshen wata kafin in haɗa kuɗin wani katalizon, akwai abin da zai samu injin ko sabon sondin?