Wace manhaja ce ta fi dacewa da mastarin ɗin waƙar da aka haɗa a waya?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kusa shekara ina haɗa kiɗa a wayata da FL Studio Mobile, murya kuma ina ɗaukarta a ɗakinmu bayan sallar isha'i, lokacin da hayaniyar unguwa ta ɗan lafa. Duk waƙar da na gama tana yi mini daɗi a abin kunne, amma ranar da wani abokina direban trotro, wato motar haya, ya saka ɗaya a motarsa, sai ta fito ƙasa-ƙasa idan an kwatanta ta da wadda ta gabace ta, da ya ƙara murya kuwa sai sautin ganga ya fashe. An ce mini mastarin ne ban yi ba. A cikin manhajojin da ke yin mastarin, shin BandLab ya isa, ko sai na biya kuɗin LANDR?

Mai situdiyo a Aboabo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka kashe ko sidi ɗaya tukuna. Mastarin gyaran ƙarshe ne, kuma ba ya iya ɗinke abin da ya yage tun wajen miksin, wato daidaita murya da kayan kiɗa. Ka fitar da waƙar a matsayin WAV mai bit 24, ba MP3 ba, ka cire duk wata limita, wato abin da ke danne sauti kada ya wuce iyaka, da ka ɗora a kan babban layin sauti, sannan ka sauke komai har ƙololuwar waƙar, wato inda ta fi ƙara, ta tsaya wajen -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, domin manhajar ta samu sararin yin aikinta. Fashewar gangar da ka ji, galibi ganga da bas ne suke rige-rige a wuri ɗaya; ka rage ɗaya daga cikinsu, ka kuma yanke sauti mai kauri sosai da ke ƙasa da 30 Hz, wanda sifikar mota ba ta iya fitarwa sai dai ya wahalar da ita. Bayan haka ka gwada na BandLab, tunda kyauta ne, ka ji salo biyu ko uku kafin ka zaɓa. LANDR yana da kyau, amma a ganina mai ɗaukar murya a ɗaki ya fi buƙatar tara kuɗin makirfo.

Hajiyar Mamobi:
Ina da ƙari a kan maganar Malam. Manhajar sauraron waƙa ta Spotify tana daidaita ƙarfin waƙoƙi a -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta, saboda haka wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, sauke ta za a yi, ya tashi ya rasa armashin kiɗan a banza. Sai dai a trotro, inda daga memori ake kunnawa, babu wannan daidaitawa, shi ya sa bambancin ya fito fili. Ka bar ƙololuwa a -1 dB bayan mastarin. Idan kuma za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka tura ta a matsayin dokumen, don ta isa yadda ka fitar da ita.

Ɗan Nima:
Na gode, yaya, na gode, Hajiya. Na duba yanzu, ashe limita tana kunne tun farko, kuma MP3 nake fitarwa. Zan sake miksin ɗin a daren nan, gobe da safe in kai wa abokina tasha mu saurara kafin ya fara lodi.